“Yi Ta Maza”: Dauriya da Lafiyar Magidanci a Cikin Birnin Kano

A cikin birnin Kano, tun daga Jakara har Ƙofar Na'isa, idan aka tambayi magidanci yaya jiki, amsa ɗaya ce: da sauƙi. Ko ƙafa ta kumbura har takalmi ya ƙi shiga, da sauƙi ne. Amsar ladabi ce da godiya ga Allah, mata ma ita suke bayarwa. Sai dai mace takan sallami mai gaisuwa da ita, sannan ta ja 'yar'uwarta ɗaka ta faɗa mata ainihin abin da ke cinta. Namiji kuwa a nan zancen yake ƙarewa, har ga matarsa. Abin da nake son kafawa a wannan maƙala shi ne, mun ɗauki ɓoye ciwo mun laƙaba masa sunan haƙuri, alhali ba shi ba ne, kuma mazanmu suna biyan wannan kuskure da rayukansu.

Horon yana farawa da wuri. A da, lokacin sanyi ake tara yara wanzami ya yi musu kaciya, wanda bai yi kuka ba a yaba masa, wanda ya ɓarke da ihu ya daɗe yana shan tsokana. Yaro ya faɗi ya ƙuje gwiwa, sai a ce, “Tashi mana, kai ba namiji ba ne? Yi ta maza!” Daga nan sai dambe, farauta da wasan tauri su ɗora. Wannan tarbiyya tana da dalilinta a tarihi: garin da ya kewaye kansa da ganuwa, wanda fatakensa ke takawa har Gwanja neman goro, yana bukatar maza masu jure yunwa da rauni. Amma abin lura, a nazarin Kirk-Greene kan mutumin kirki a wurin Bahaushe, wanda aka buga a 1974, halaye goma ya lissafa: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Babu taurin rai a ciki. Haƙuri shi ne rashin raki da rashin butulci idan jarrabawa ta zo. Bai hana mutum neman mafita ba.

Will Courtenay, a nazarinsa na 2000 kan mazan Amurka, ya nuna cewa ƙin zuwa wurin likita hanya ce da namiji ke bi ya shaida wa sauran maza cewa shi namiji ne. Maganar ta zauna daidai a kanmu, amma a birni akwai abin da ya fi nuna isa nauyi, wato cefane. Mutuncin maigida a rataye yake da abin da zai ajiye da safe kafin ya fita. Marini a Ƙofar Mata, baduku ko ɗan tireda a Kasuwar Kurmi, da yawansu sai sun fita ake ɗora tukunya. Yini guda a layin karɓar kati a asibiti yana nufin yini guda babu kuɗin cefane, kuma yana nufin maƙwabta su ji cewa wane ya kwanta. Saboda haka sai a tsaya kemis bayan magariba: “Haɗa min na ciwon jiki.” Yaron kanti ya ƙirga ƙwayoyi kala uku ko huɗu a 'yar leda, a kora da ruwan leda nan take, a wuce majalisa. Ba a gwada jini ba, ba a tambayi komai ba. Hawan jini kuwa ba ya sallama. Yana iya shekaru babu alama, yana cin ƙoda da zuciya, har ranar da ɓarin jiki zai shanye. Magungunan kashe raɗaɗi da ake sha barkatai suna ƙara wa ƙoda wahala. A ƙarshe sai a kai mutum Asibitin Murtala ranga-ranga, 'yan'uwa suna cewa jiya-jiya lafiyarsa ƙalau.

Inda ciwo ya shafi al'aura, kunya ce ke kulle baki. Dattijon da fitsari ke tsaya masa yakan gwammace ya kira abin basir ya sayi jiƙo wurin mai amsa-kuwwa a bakin kasuwa, da ya kwance wando gaban likita sa'an ɗansa. Mafi ciwo a wurina shi ne batun haihuwa. Likitanci ya tabbatar da cewa a kusan rabin ma'auratan da ba sa haihuwa, akwai matsala ta ɓangaren miji. Duk da haka mace ake kaiwa gwaji, ita ke shan sassaƙe, ita ake yi wa kishiya. Wannan zalunci ne. Samari masu aikin ƙarfi su ma suna da tasu hanyar yin ta maza, wato Tramadol, don kada a ce sun gaza.

A watan Afrilu na 2020 maƙabartun Kano suka cika da jana'iza. Daga baya Ministan Lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya bayyana cewa mutum 979 aka ƙirga, kuma fiye da rabinsu a gida suka cika. Gaskiya ne annobar korona da kullen gari sun sa asibitoci da dama sun rufe ƙofa, don haka ba za a ɗora wa ɗabi'a laifin duka ba. Talauci da tsadar magani ma hujja ce mai ƙarfi. Amma da kuɗi ne kaɗai matsalar, da ba mu ga attajirin da ke biya wa matansa awo da haihuwa a asibitin kuɗi, shi kuwa bai taɓa miƙa hannu an gwada jininsa ba.

Ba na ganin mafita tana cikin rushe mazantaka, kamar yadda wasu ke kira daga waje. Tana cikin gidanmu. Hadisin Usama ɗan Sharik da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito umarni ne a nemi magani, kuma mutumin da aka ɗora wa ciyar da iyali, lafiyarsa amana ce a hannunsa. Dokar gwajin lafiya kafin aure da Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa wa hannu a 2024 ta nuna cewa idan abu ya zama ƙa'ida ga kowa, kunyar yinsa takan gushe. Ina kira ga limaman Juma'a, masu unguwanni da shugabannin kasuwa su kawo na'urar gwajin hawan jini da suga ƙofar masallaci da bakin rumfa, inda maza suke, kuma su fara miƙa nasu hannun a gaban jama'a.