Hanyoyi Biyu da Shayi Ya Biyo Zuwa Birnin Dikko

A farkon shekarar 1824 wani Bature mai suna Hugh Clapperton ya sauka a Kano, yana kan hanyarsa ta zuwa Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Cikin waɗanda suka zo gaishe shi a masauki har da babban ɗan Sarkin Kano. Baƙo ya zuba shayi ya miƙa masa, ɗan sarki ya ƙi karɓa, domin labari ya riga ya bazu a gari cewa mutumin nan yana iya mayar da ɗan Adam ɓera ko kyanwa ko biri. Sai da Clapperton ya sa baransa ya shanye kofin a gabansa. A watan Mayun shekarar, bayan ya baro Sakkwato, ya yada zango a Katsina.

Shekara ɗari biyu ke nan da wannan abu. Yau duk wanda ya fito masallaci da asuba ya bi ta Ƙofar Ƙaura ko Ƙofar Kwaya, ko ya leƙa tashar mota, zai tarar an riga an hura wuta, tukunya tana tururi, benci ya cika. Abin da ɗan sarki ya ji tsoron kurɓa shi ne yau karin kumallon ɗan acaɓa da ɗalibi da lebura.

Kakanninmu da koko da ƙosai suke karyawa, da kunu, da ɗumame. Baƙo kuwa ruwa ake fara kai masa, a dama masa fura, a fasa masa goro. Heinrich Barth, Bajamushen da ya shigo Katsina a farkon 1851 zamanin Sarki Muhammadu Bello, ya sake dawowa a 1853, ya lura cewa matsayin da shayi da gahawa suke da shi a ƙasarsu, goro ne yake riƙe da shi a ƙasar Hausa. Ganyen shayi ba ya fita a ƙasar Hausa. Asalinsa ƙasar Sin ne, inda tun wajen shekarar 760 wani malami mai suna Lu Yu ya rubuta littafi guda a kan nomansa da dafa shi. Kafin ya iso bakin ganuwar Katsina ya biyo hanyoyi biyu, kuma har gobe kowace hanya tana da irin kofinta.

Hanya ta farko ita ce ta hamada. Koren shayin Sin ya fara shiga Maroko ne a matsayin tsarabar sarakuna, a fada da gidajen manya. Masana tarihi da dama suna danganta yaɗuwarsa cikin talakawa da yaƙin Kirimiya na 1853 zuwa 1856, lokacin da kasuwannin arewacin Turai suka toshe wa 'yan kasuwar Ingila, suka karkato da kayansu zuwa tashoshin ruwa na Tanja da Sawira. Mutanen Maroko suka haɗa shi da na'ana'a da sukari mai yawa, raƙuma suka ɗauke shi suka yi kudu. Barth, da ya zauna a Tambutu daga 1853 zuwa 1854, ya tarar Larabawan garin ba sa rabuwa da shayi, amma 'yan ƙasa ya fi ƙarfin aljihunsu. A kasuwar Kano kuma ya ga curin sukari da aka ɗauko tun daga Marsiliya ta Faransa, aka ratso da shi Sahara.

Katsina tana kan wannan hanya tun kafin a san shayi. Ayarin da ya taso daga Tarabulus ya biyo Gadamas da Gat, ya huta a Agadas, ƙasar Katsina ce ƙofarsa ta shiga Hausa. A cikin birnin nan Barth ya haɗu da fatake mutanen Gadamas da na Tuwat, wasunsu sun daɗe zaune. Da Buzaye suka karɓi shayi kuwa sai suka riƙe shi da hannu biyu, suka yi masa ƙa'ida. Ana dafa ganye ɗaya sau uku a 'yar ƙaramar buta bisa garwashi. Na farko ɗaci gare shi, na biyu ya sassauta, na uku zaƙi ya rinjaye shi. A ɗaga buta sama a tsiyayo cikin ɗan ƙaramin kofin gilashi, a mayar, a sake tsiyayowa, har kumfa ta tsaya. Babba ake fara miƙa wa, ko baƙo. Ba a yin sa cikin gaggawa, kuma tashi kafin zagaye na uku ba ladabi ba ne. A ganina wannan jinkiri shi ne amfanin abin. A tsakanin kofi na farko da na uku ake gaisawa a tambayi iyali da dabbobi, a ji labarin hanya, a daidaita ciniki, wani lokaci ma a sasanta mutum biyu da suka yi wata ba sa ga maciji.

Hanya ta biyu ta teku ce da jirgin ƙasa, kuma tarihinta ba mai daɗin ji ba ne duka. Son shayi ya sa Ingila ta riƙa tura wa Sin ofiyom don ta sami abin biya, har aka gwabza yaƙi daga 1839 zuwa 1842. Daga baya Turawa suka buɗe manyan gonaki a Assam ta Indiya da tsibirin Silon, wato Siri Lanka ta yau, inda Thomas Lipton ya sayi gonakinsa a 1890. Leburorin da suka tsinki ganyen nan an kwaso su ne daga garuruwansu, ana biyan su abin da bai taka kara ya karya ba. A 1903, shekarar da Lugard ya shigo Katsina ta Ƙofar 'Yanɗaka, aka fara dasa shayi a Limuru ta Kenya, ƙasar da a yau gwanjon shayinta na Mombasa yake cikin mafi girma a duniya. Wanda zai kira shayi gada tsakanin al'ummomi, gaskiya ya faɗa, amma ya kamata ya tuna da waɗanda suka ɗauki duwatsun ginin a ka.

A 1911 layin dogo ya iso Kano, a shekarar kuma Italiya ta kai wa Tarabulus hari. Fataucin hamada ya durƙushe, kaya suka koma shigowa ta Ikko. Jirgi bai iso birnin Katsina ba, amma motoci sun iso, kantunan John Holt da UAC suka kawo baƙin shayi a kwali, da sukari mai ƙwaya, da madarar gwangwani. Da farko abin gidan sarauta ne da attajirai da ma'aikatan En'e, a zamanin da Sarki Muhammadu Dikko ya yi aikin Hajji ya kuma ziyarci Ingila a 1921, aka kuma buɗe Kwalejin Katsina a 1922. Kuɗin gyaɗa da auduga suka sauko da shi ƙasa-ƙasa. Sojojin da suka dawo daga yaƙin Bama bayan 1945 sun saba da shi a bariki, alhazai sun saba da shi a Makka da Madina, gidajen biredi suka buɗe. Daga nan teburin mai shayi ya kafu.

A tsaya a dubi teburin nan da kyau. Ganyen mai yiwuwa daga tsaunukan Kenya ya fito, ko daga Kakara a tsaunin Mambila ta jihar Taraba, inda ake noman Highland Tea. Madarar Peak, wadda ta shigo Nijeriya a 1954, asalinta Holan. Sukarin St Louis sunan Faransa yake ɗauke da shi. Milo da Bournvita koko ne irin wanda ake nomawa a ƙasar Yarbawa da Gana. Indomie, da ta zo daga baya ta mamaye rabin tebur, 'yar Indonesiya ce. Amma hannun da ya haɗa su namu ne. Mai shayi ne ya jefa citta da kanumfari da masoro da kimba cikin tukunya, abin da Baturen da ya kawo kwalin bai taɓa tunani ba. Shi ya san wanda yake son haɗin kauri da wanda aljihunsa bai wuce ruwan bunu ba. Shi yake sheƙa shayi daga kofi zuwa kofi, hannu sama hannu ƙasa, ba tare da ɗigo ya zuba ba. Kuma shi ne yake ba da bashi har ƙarshen wata, yake ajiye wa matafiyi saƙo, yake nuna wa baƙon da ya sauka da tsakar dare inda zai kwana.

Wannan sana'a ba ta tsaya a gida ba. Yadda fataken Katsina suka bi hanyar Gwanja neman goro har suka kafa zango a Salaga da Kumasi, haka jikokinsu suka ɗauki tebur da tukunya zuwa Ikko da Fatakwal da Ankara. A can Bayarabe da Ibo da Bahaushe suna zama benci ɗaya, gwiwa na gogar gwiwa, kowa yana kiran mai tebur da Hausa. Taron haɗin kan ƙasa nawa ne ya iya yin abin da wannan benci yake yi kowace safiya?

Duniya ta fara ba shayi girmansa a hukumance. A ƙarshen 2019 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 21 ga Mayu a matsayin Ranar Shayi ta Duniya, a 2022 kuma UNESCO ta sa fasahar sarrafa shayi ta Sin, da al'adar shan shayi ta Turkiyya da Azarbaijan, cikin kayan gadon ɗan Adam. Namu bai gaza nasu ba wajen karɓar baƙo da riƙe zumunci. Ya dace ɗaliban tarihi na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa su ɗauki rikoda su zauna da dattawan masu shayi na cikin birni tun suna raye, su ji wa ya koya wa wa, da yadda farashin kofi ya tashi daga kwabo zuwa ɗaruruwan naira.

Inda hanyoyin biyu suka fi haɗuwa shi ne tsakanin Katsina da Maraɗi. Bayan jihadi ya ci birnin Katsina a 1807, zuriyar tsofaffin sarakuna suka yi arewa, Ɗan Kasawa ya kafa sarauta a Maraɗi, har yau kuma Sarkin Katsina ake kiran mai gadon. Turawan Ingila da Faransa suka ja layi tsakanin gidaje masu kaka ɗaya. Farin 1973 da 1974 ya kashe dabbobin Buzaye, da yawansu suka gangaro kudu suka kama aikin gadi, kowa da butarsa da ɗan murhun wayarsa. A ƙofar gidajen da suke gadi samarin unguwa suka koyi shayin kumfa. A Nijar, daga shekarun 1990, zaman samari na shan shayi ya yi ƙarfi har ya sami suna, fada. A nan majalisa muke cewa, kuma butar ɗaya ce, ganyen ma sau da yawa ta Jibiya da Magama ya shigo.

An rufe wannan iyaka a Agustan 2019, ba a buɗe mashigar Jibiya ba sai Afrilun 2022, aka sake rufe ta bayan juyin mulkin Yamai na Yulin 2023, Nijeriya ba ta buɗe ɓangarenta ba sai Maris ɗin 2024. A waɗannan watanni direbobi sun yi kwanaki cikin layin manyan motoci, 'yan kasuwa sun yi asara, an ɗaga bukukuwa saboda dangin ango ko na amarya suna ƙetare. Masu shayin bakin iyaka suna cikin waɗanda abin ya fi taɓawa, domin cinikinsu na matafiya ne. Yanzu ana shimfiɗa layin dogon da aka ƙaddamar da aikinsa a Fabrairun 2021, wanda zai taso daga Kano ya biyo Daura da Katsina da Jibiya ya ƙare a Maraɗi, kuma shi ne karo na farko da jirgin ƙasa zai tsaya a birnin Dikko.