Bert Berns, Mai Waƙoƙin Da Suka Fi Shi Suna

Duk wanda ya taɓa ɗaukar faifan garmaho ya duba, zai ga an rubuta sunan mawaƙi da manyan baƙaƙe. A ƙarƙashinsa kuwa akwai wani suna da ƙananan baƙaƙe, wanda ba kowa ke kula da shi ba. Wannan shi ne sunan wanda ya tsara waƙar. Labarin ɗaya daga cikin masu ƙaramin sunan nan za mu ba ku, wani mutumin Amurka wai shi Bert Berns.

An haife shi a unguwar Bronx ta birnin Niyok ran 8 ga Nuwamba, 1929. Iyayensa Yahudawa ne da suka yi ƙaura daga Rasha. Tun yana yaro wani mugun zazzaɓi ya kama shi, ya lalata masa zuciya, har likitoci suka ce da wuya ya yi tsawon rai. Da ya zama saurayi sai kiɗan mutanen Kyuba ya shiga ransa, har ya tafi birnin Habana ya zauna 'yan kwanaki. Wannan kiɗa bai rabu da shi ba har ya mutu.

Bai sami aikin kirki ba sai cikin 1960, yana da shekara 30 da haihuwa, sa'ad da kamfanin Robert Mellin ya ɗauke shi yana biyansa dala 50 a mako. Cikin 1961 shi da Phil Medley suka tsara waƙar Twist and Shout. Waɗanda suka fara rera ta ba su yi kasuwa ba, shi kuwa Berns ya ga an ɓata masa waƙa wajen ɗauka. Saboda haka cikin 1962 ya kira 'yan'uwan nan da a ke kira Isley Brothers, ya shirya faifan da kansa, ya zuba masa irin kiɗan Kyuba. Nan da nan ta karɓu. Shekara ta zagayo, samarin nan huɗu na Ingila, wato Beatles, suka rera ta, ta game duniya.

To, a nan ya kamata mu tsaya mu faɗi ko mene ne aikin mai shirya faifai, gama shi ne rabin labarin mutumin nan. Shi ke zaɓen waƙar da ta dace da muryar mawaƙi, shi ke tara makaɗa, shi ke cewa a ɗaga nan, a sassauta can, a sake, a kuma sakewa, har abin ya yi daidai da yadda ya ke ji a ransa. Berns gwani ne wajen sa mawaƙi ya rera kamar mai kuka na gaske. Galibin waɗanda ya yi wa aiki baƙar fata ne da suka koyi waƙa a majami'u, kamar su Solomon Burke, wanda ya rera masa Cry to Me, da Garnet Mimms, wanda ya rera Cry Baby cikin 1963. A ganina mutumin da ya san kwanansa ƙidayayye ne ba abin mamaki ba ne waƙoƙinsa su cika da kuka da roƙo.

Cikin 1963 babban kamfanin nan Atlantic ya ɗauke shi. Nan ya shirya wa ƙungiyar Drifters faifan Under the Boardwalk cikin 1964, a ranar baƙin ciki, domin jagoransu Rudy Lewis ya rasu daren jiya, sai Johnny Moore ya tsaya a madadinsa. Ya kuma tafi Landan ya yi aiki da ƙungiyar Them, inda ya haɗu da Van Morrison. Cikin 1965 ya kafa kamfanin Bang. Sunan nan an haɗa shi ne da baƙin farko na sunayen mutum huɗu, wato shi Bert, da Ahmet da Nesuhi Ertegun, 'yan'uwa Turkawa, da Gerald Wexler. A shekarar nan Hang On Sloopy ta zo ta ɗaya a Amurka duka. Neil Diamond ma a Bang ya fara yin suna, haka kuma Brown Eyed Girl ta Van Morrison daga can ta fito cikin 1967.

Amma fa Berns ba tsarkakakke ba ne. Ya yi abota da manyan 'yan ta'addar Niyok, ya kuma yi mummunar rigima da Wexler a kan mallakar Bang, suka rabu baram-baram. Da Diamond da Morrison duka ya saɓa da su kafin ƙarshensa. Ran 30 ga Disamba, 1967, zuciyar nan ta tsaya, yana da shekara 38. Piece of My Heart, wadda ya tsara tare da Jerry Ragovoy, Erma Franklin ta rera ta a shekarar, amma bai ga irin sunan da ta yi a bakin Janis Joplin cikin 1968 ba.

Me ya sa aka manta da shi? Na farko dai ya mutu da wuri, kafin marubuta su fara bin tarihin wannan kiɗa. Abokan aikinsa kuwa sun rayu shekaru da yawa bayansa, su aka riƙa tambaya, kuma wanda aka rabu da shi da faɗa ba shi da ɗokin yabonka. Ban da wannan, sau da yawa yakan sa Bert Russell a faifai maimakon sunansa, har wanda ya duba ƙaramin rubutun ma ba zai gane mutum ɗaya ne ba.

Matarsa Ilene ta riƙe Bang har ta sayar wa kamfanin CBS cikin 1979. 'Ya'yansa kuwa da suka girma suka tashi neman a tuna da ubansu. Cikin 2014 Joel Selvin ya wallafa littafin tarihinsa, aka kuma yi wasan kwaikwayo da waƙoƙinsa a Niyok. Cikin 2016 ɗansa Brett ya fitar da fim a kansa, kuma a shekarar nan aka shigar da sunansa cikin zauren girmama makaɗa na birnin Cleveland, shekara 48 da 'yan watanni bayan rasuwarsa.