Sarki Goma, Zamani Goma: Nazari a kan Sauyin 'Yan Wasa da Salo a Finafinan James Bond

Daga cikin al'amuran da suka cancanci mai nazarin fasahar silima ya tsaya a kansu, akwai yadda labarin mutum guda, watau James Bond, ɗan leƙen asirin gwamnatin Ingila da ake yi wa alama da lamba 007, ya yi kusan shekara sittin ana maimaita shi, tun daga Dr. No na 1962 har zuwa No Time to Die na 2021, fim 25 ke nan daga hannun kamfani ɗaya mai suna Eon, alhali kuwa duniyar da ta haifi labarin ta daɗe da shuɗewa, marubucinsa Ian Fleming ya rasu tun 1964, kuma mutum shida ne suka ɗauki sunan bi da bi. Galibin masu kallo suna ɗaukar wannan sauyin fuska wata larura ce wadda tsufa ko saɓanin kuɗi ke jawowa, a yi haƙuri da ita don babu makawa. Abin da wannan maƙala ke nufin kafa wa hujja shi ne, sauyin ɗan wasa shi ne hanyar da labarin ke yi wa kansa tajdidi, kuma da an daure a kan fuska ɗaya da salo ɗaya, da tuni an manta da shi kamar yadda aka manta da tsararrakinsa.

Ba za a fahimci wannan mas'ala ba sai an san buƙatar da Bond ya zo ya biya. Fleming, wanda ya yi aiki a sashen asiri na rundunar sojan ruwan Ingila a Yaƙin Duniya na Biyu, ya fitar da littafinsa na farko, Casino Royale, a 1953, shekara biyu bayan wasu jami'an Ingila biyu, Guy Burgess da Donald Maclean, sun gudu Tarayyar Sobiyet, abin da ya zubar da mutuncin ma'aikatar asirin ƙasar a idon Amurka. Ba a jima ba kuma rikicin Mashigin Suwez na 1956 ya bayyana wa kowa cewa Ingila ba ta da sauran ikon zartar da nufinta sai da yardar Amurka. A cikin wannan hali na karayar zuciya Bond ya zama abin lallashi, domin a cikin labarinsa Baturen Ingila ne ke ceton duniya, Ba'amurke kuwa, watau Felix Leiter, mai taimako ne kawai. Abin i'itibari ne ƙwarai cewa Dr. No, wanda ya nuna Jamaika tana ƙarƙashin ikon Ingila da fadar gwamna da 'yan sandan mulkin mallaka, an fara nuna shi a Landan a watan Oktoba na 1962, wata biyu bayan Jamaika ta karɓi mulkin kanta. Ashe tun daga ranar farko, fim ɗin yana tsare wani mulki ne a majigi bayan ya kuɓuce a zahiri.

Masu shirya finafinan, Albert Broccoli da Harry Saltzman, sun yi wata hikima, ko da niyya ko bisa dacewa, ta rarrabe abin da malaman manɗiƙi ke kira jauhari daga abin da suke kira arali, watau abin da ke tsaye da kansa da kuma sifar da ke zuwa ta tafi. Jauharin shi ne suna, da lamba, da izinin kisa da hukuma ta ba shi, da shugabansa M, da sakatariya Moneypenny, da Q mai ƙera kayan aiki, da kiɗan da Monty Norman ya tsara John Barry ya ƙawata, da buɗewar nan da Maurice Binder ya ƙago, inda ake hango mutumin ta cikin bututun bindiga. Fuska kuwa, da murya, da yanayin ɗabi'a, duk arali ne. Wannan ya yi kama da sha'anin sarauta, inda alkyabba da sanda da tambari ke nan daram, mai sanye da su ke sauyawa, kowa da zamaninsa. Fadawa ma sukan fi sarki daɗewa, domin Desmond Llewelyn ya fito a matsayin Q a fim 17, daga 1963 zuwa 1999, ya ga Bond biyar sun zo sun wuce ta gabansa. Tun a Dr. No aka aza wannan harsashi. A teburin caca na wani kulob a Landan, kyamara ta fara nuna hannuwan mutumin yana raba kati, sannan ƙeyarsa, sannan akwatin sigarinsa, ba a nuna fuskarsa ba sai da matar da yake wasa da ita ta tambayi sunansa, ya kunna sigari, ya faɗi sunan a natse, kiɗa ya tashi. Mai kallo ya san tufafin da kayan ado da natsuwar kafin ya san mutumin.

Akwai masu ra'ayin cewa Sean Connery shi ne asali, duk wanda ya biyo bayansa taƙalidi yake yi. Ba a musun ƙwarewarsa, amma wannan ra'ayi ya manta cewa shi kansa Connery sauyi ne a kan abin da ke cikin littafi. Ɗan talakawa ne daga birnin Edinbara na Sukotilan, wanda ya yi aikin raba madara da sojan ruwa, Fleming bai gamsu da shi ba da farko, kuma darakta Terence Young ne ya kai shi wurin tela, ya koya masa zama da tashi irin na manyan gari. Haɗuwar ƙarfin lebura da kwat ɗin attajiri ita ta ba Bond na farko kwarjininsa. Idan haka ne, babu wani asali tsantsa da za a koma masa, sai dai ijtihadi a kan ijtihadi.

Wanda ya bi tarihin da idon basira zai ga wata ƙa'ida tana maimaita kanta: duk lokacin da salon ya wuce gona da iri, sai a dawo da shi ƙasa, kuma sau da yawa sabuwar fuska ce ke ɗauke da gyaran. Bayan You Only Live Twice na 1967 ya kai ga sansanin rokoki a cikin dutse mai aman wuta, sai aka kawo George Lazenby, mutumin Ostireliya, a On Her Majesty's Secret Service na 1969, inda Bond ya yi aure, aka harbe amaryarsa a ranar bikin, fim ya ƙare yana rungume da gawarta. Lazenby bai sake fitowa ba, aka dawo da Connery a 1971, sannan Roger Moore ya karɓa a 1973, ya yi fim bakwai cikin raha da barkwanci, irin wanda ya dace da mutanen da yaƙin Biyetnam da tsadar man fetur suka gajiyar, waɗanda kuma ba su da sauran imani da cewa Ingila babbar daula ce, sai dai a yi zancen da murmushi. Da Moonraker na 1979 ya kai Bond sararin samaniya, sai For Your Eyes Only na 1981 ya sauko da shi ƙasa. Da Moore ya ajiye a 1985 yana da shekara 58, sai aka ɗauko Timothy Dalton, gogagge a wasan dandamali, wanda ya koma ga littattafan Fleming ya fito da mutum mai ɗaci, mai ƙyamar aikinsa. Masu kallo na 1989 ba su rungumi wannan tsanani ba yadda ake so, sai dai abin da ya shuka wani ne ya girbe shi daga baya.

Jarrabawa mafi girma ta zo ne da rushewar Tarayyar Sobiyet a 1991, domin ɗan leƙen asirin da Yaƙin Cacar Baka ya haifa ya wayi gari babu abokin gabarsa, ga kuma shari'a a kan mallakar kamfani da ta tsayar da aiki shekara shida. GoldenEye na 1995 ya amsa da sauyi biyu: Pierce Brosnan, mutumin Ayalan, ya zama Bond, sannan aka ba Judi Dench matsayin M, bayan da a zahiri Stella Rimington ta shugabanci hukumar asirin cikin gida ta Ingila tun 1992. A zamansu na farko M ta gaya wa Bond a gaban idonsa cewa shi ragowar wani zamani ne da ya wuce, mai raina mata. Da haka fim ɗin ya ɗauki zargin da ake yi masa ya sa shi a bakin shugabar gwarzonsa, ya karya lagon masu suka. Abokan gaba ma haka suke juyawa da juyin siyasa: a The Living Daylights na 1987 mujahidan Afganistan abokan Bond ne a kan Rasha, a fim ɗin 1997 mugun labarin mai gidajen jarida da talabijin ne, a 2006 kuwa mai ajiye wa 'yan ta'adda kuɗi ne.

Daniel Craig, wanda aka yi ta sukar zaɓensa a 2005 saboda launin gashinsa da ƙirar jikinsa, ya zo ne bayan Die Another Day na 2002 ya kai ga mota mai ɓacewa daga gani. Casino Royale na 2006 ya buɗe da hoto fari da baƙi, ana dambe a makewayi, ana farfasa tangaran, Bond na danna kan mutum a cikin ruwa yana haki. Can gaba, bayan wani kisan a kan matakala, an nuna shi a gaban madubi yana wanke jini, hannu na rawa. Wannan kisa ne mai nauyi, ba irin na Moore da ake rufewa da wasa ba. Amma zamanin Craig ya taɓa jauharin kansa, domin ya mai da Bond mutum mai mafari da ƙarshe, mai tsufa daga fim zuwa fim, mai gidan gado a Skyfall na 2012, mai 'ya, har a 2021 aka kashe shi. Abin ya yi riba, Skyfall ya tara fiye da dala biliyan ɗaya, a shekarar kuma Craig ya fito tare da Sarauniya Elizabeth a bikin buɗe wasannin Olamfik na Landan. Sai dai wanda aka ba shi rai irin na ɗan Adam an ɗora masa ajali, kuma magajinsa ba zai iya shiga rigar kawai ya ci gaba ba kamar yadda aka saba.

Mai jayayya zai ce duk wannan ba hikima ba ce, kasuwa ce: Live and Let Die ya kwaikwayi finafinan baƙar fatar Amurka na farkon shekarun 1970, Moonraker ya bi sawun Star Wars na 1977, Casino Royale ya ɗauki darasi daga The Bourne Identity na 2002. Wannan magana gaskiya ce, amma ba ta rushe hujjar ba, bal ma ƙarfafa ta take yi, domin aro ba ya amfanar kowa sai wanda ke da rukunan da za su riƙe shi, kuma da yawa daga salon da Bond ya ara sun mutu sun bar shi.

Abin da ya fi wannan nauyi, musamman gare mu da Ingila ta mallaka, shi ne abin da ya ƙi sauyawa. An gyara matsayin mata, an ba Jeffrey Wright matsayin Leiter, Naomie Harris ta zama Moneypenny a 2012, Lashana Lynch ta riƙe lambar 007 a 2021, an kuma yi shekaru ana muhawara ko baƙar fata irin Idris Elba zai iya zama Bond. A ganina muhawarar ta tsaya a zahiri ta bar baɗini. Tun daga Jamaika ta 1962 har zuwa Madagaska ta 2006, ƙasashen wasu fage ne da wakilin Ingila ke shiga ba sallama, ya yi kisa ba shari'a, ya fita ba hisabi, mutanen wurin kuwa ko 'yan rakiya ko 'yan kallo. Sauya launin mai wannan aiki adalci ne ga 'yan wasa, amma bai taɓa wannan tunani ba.

A farkon 2025 Barbara Broccoli da Michael Wilson, waɗanda suka gaji aikin daga Albert Broccoli, suka miƙa ikon tsara finafinan ga kamfanin Amazon, wanda ya sayi kamfanin finafinai na MGM a 2022, daga baya kuma aka sanar da Denis Villeneuve a matsayin daraktan fim na gaba. Hankalin jama'a ya tafi ga wanda za a zaɓa, alhali tarihin da muka bi ya nuna cewa fuska takan zo ne a matsayin amsa ga wata tambaya da zamani ya riga ya yi. Wajibin sababbin masu iko shi ne su fara sanin tambayar: mene ne ma'anar mutum guda mai izinin kisa a duniyar da ake leƙen asiri da kwamfuta da jirage marasa matuƙi, duniyar da kuma da yawa daga masu sayen tikiti a cikinta jikokin waɗanda aka mallaka ne, ba na waɗanda suka yi mulkin ba? In sun amsa ta da gaskiya, samun ɗan wasa ba zai yi wuya ba. In kuwa sun kauce mata, babu kyawun fuska ko yawan dukiyar da zai hana labarin tsufa.