Yawon buɗe ido a birnin Delhi

Delhi birni ne da ke arewacin ƙasar Indiya, kuma a cikinsa ne babban birnin ƙasar, New Delhi, yake. Yana daga cikin biranen da baƙi suka fi ziyarta a Indiya. Wuraren tarihinsa suna nesa da juna, titunansa kuma suna da cunkoso, don haka yadda baƙo ya tsara zirga-zirgarsa shi ke nuna yawan abin da zai iya gani.

Wuraren ziyara

Akwai wurare uku a Delhi da hukumar UNESCO ta sanya cikin jerin wuraren tarihi na duniya. Na farko shi ne Red Fort, ganuwar jan dutse da Sarki Shah Jahan ya kammala a shekarar 1648. Na biyu shi ne kabarin Sarki Humayun, wanda aka gina a ƙarni na 16. Na uku shi ne hasumiyar Qutb Minar da ke kudancin birnin, mai tsawon kusan mita 73. Kusa da Red Fort akwai Jama Masjid, babban masallacin da aka kammala a 1656, da tsohuwar kasuwar Chandni Chowk, inda ake samun abincin halal cikin sauƙi. A yawancin wuraren tarihi, kuɗin shiga na baƙi ya fi na ƴan ƙasa.

Sufuri

Jirgin ƙasa na cikin gari, wato Metro, ya fara aiki a watan Disamban 2002, kuma shi ne hanya mafi sauri. Ana binciken fasinjoji da jakunkunansu a ƙofar kowace tasha, sannan an keɓe wa mata tarago guda a kowane jirgi. Layin filin jirgin sama na Indira Gandhi yana kai fasinja tashar New Delhi cikin kimanin minti 20. Layi mai launin rawaya yana bi ta Chandni Chowk har zuwa Qutb Minar.

Daga tasha zuwa wurin ziyara, akan hau babur mai ƙafa uku, irin adaidaita sahu. Direbobi da dama ba sa kunna mita ga baƙo, saboda haka ana yin ciniki kafin a hau. Akwai kuma Uber da Ola, waɗanda ke nuna kuɗin tafiya tun farko. Motoci a Indiya suna bin hannun hagu ne.

Abubuwan lura

A kusa da tashar jirgin ƙasa ta New Delhi, wasu ƴan damfara kan gaya wa baƙo cewa an rufe ofishin tikiti ko otal ɗinsa, domin su kai shi wani shago mai tsada. Hanyar kauce musu ita ce sayen tikiti a intanet ko a cikin tashar kanta.

Lokacin da ya fi dacewa da ziyara shi ne daga Oktoba zuwa Maris, domin zafin Mayu da Yuni yakan wuce digiri 40. Sai dai daga Nuwamba zuwa Janairu hayaƙi da hazo sukan gurɓata iska, har su jinkirta jirage. Matafiya daga Najeriya, Nijar, Gana da Kamaru suna buƙatar katin rigakafin cutar shawara kafin shiga Indiya.