Makarantar Dawa a Ƙasar Dutse

Riwayar da mutanen Dutse suka gada daga kakanni ta ce wani maharbi ne mai suna Duna Magu, wanda ya fito daga wajen Barno, ya fara sauka a tsakanin duwatsun nan da ake kira Dutse Gadawur, domin ya tarar da dawa mai yalwar nama da ruwa da mafaka. Ko da malaman tarihi za su yi ta bincike a kan isnadin wannan riwaya, akwai abin da ta tabbatar wanda ba ya bukatar hujja, watau a wurin mutanen da, wanda ya san dawa shi ne ke gaba, sarauta da kasuwa su biyo sawunsa. Garin kuwa ya bunƙasa har Tarihin Kano ya ambaci cewa Sarki Abdullahi Burja, wanda ya yi mulki daga 1438 zuwa 1452, ya auri 'yar Sarkin Dutse.

Ilmin dawa yana da malamai da almajirai da ladubba kamar kowane ilmi, sai dai allonsa ƙasa ce, ba a kuma ɗaukarsa a zaune. Idan kaka ta wuce aka kai amfanin gona gida, ciyawa ta bushe, sai Sarkin Baka ya sa ranar fita, yaro ya bi bayan ubansa ko kawunsa yana riƙe da gora, ba a yarda ya wuce gaba ba, ba a yarda ya ɗaga murya ba. A nan zai koyi rarrabe sawun gada da na barewa, da gane ko sawun na daren jiya ne ko ya kwana biyu, da sanin inda iska ta dosa kafin a tunkari dabba. A nan za a nuna masa sabara da kalgo da marke, a gaya masa abin da kowanne ke magani, a nuna masa gawo, wanda ke kaɗe ganye da damina ya tofo da rani, shi ya sa manomi ke barinsa a tsakiyar gona, makiyayi kuma ke nemansa lokacin da abinci ya yanke wa dabbobi. In dare ya riske su, sai dattijo ya ce, "Ɗana, ɗaga kai," ya nuna masa Kaza da 'Ya'yanta, da asuba kuma Gamzaki. Ba a ba da ijaza a wannan makaranta sai ranar da aka saki yaro shi kaɗai ya komo gida. Ni a ganina, wannan tarbiyya ta haƙuri da lura da tafakkuri ba ta yi nisa da abin da Alƙur'ani ya kwaɗaitar na tafiya a bayan ƙasa domin i'itibari ba, ko da yake malamai sun daɗe suna ƙyamar tsafe-tsafen da wasu maharba ke cuɗanya sana'arsu da su, kuma suna da gaskiya.

Shaidar daɗewar mu'amalar mutane da dawa tana kudu da Dutse, a Birnin Kudu, inda aka zana shanu a jikin Dutsen Habude da Dutsen Mesa da Dutsen Murufu, waɗansunsu marasa tozo, irin da ba a kiwo a yankin yanzu. Wani Bature masanin kayan tarihi, Bernard Fagg, ya yi nazarinsu a shekarun 1950, tare da duwatsun da ke amo kamar ƙararrawa idan an buga su, daga baya hukuma ta sa wuraren cikin kayan tarihin ƙasa. Amma makiyaya da yaran gari sun san hanyar kogunan dutsen nan tun kafin a rubuta su a littafi.

Keɓe dawa da doka ba baƙon abu ba ne ga Musulmi, gama Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya keɓe Naƙi'u kusa da Madina saboda dawakin Musulmi, sarakunanmu ma suna da hurumi da burtali. Gandun daji na ƙasa irin na zamani, mai ma'aikata da ja-gora da maziyarta, a Amurka ya faro da Yellowstone a 1872. A Arewa kuwa an keɓe Yankari a 1956, aka buɗe ta ga jama'a a 1962. Aibin wannan tsari tun zamanin Turawa shi ne ya dubi maharbi da makiyayi a matsayin masu laifi, ya kafa musu iyaka, alhali a ƙirjinsu ilmin wurin yake.

Jihar Jigawa, wadda aka ƙirƙira a 1991 Dutse ta zama babban birninta, tana da fadamar Baturiya a ƙasar Haɗeja, inda tsuntsaye ke sauka daga Turai lokacin hunturu. An sa ta cikin jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar a 2008, a 2020 kuma Gwamnatin Tarayya ta amince a mai da ita gandun daji na ƙasa. Abin farin ciki ne, sai dai abin da ke damuna ya fi kusa da gida. Birnin Dutse yana faɗaɗa, gonaki sun cinye saura, ana fasa duwatsu saboda gini, dattawan da suka san sunan kowace ciyawa suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, ga kuma Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2011 cike da ɗalibai masu karanta ilmin tsirrai da na muhalli. Ba a bukatar jiran gandu kafin malami ya ɗebi ajinsa da sassafe ya hau da su duwatsun garin, ya nemi tsohon maharbi ya shige musu gaba, a biya shi haƙƙinsa kamar yadda ake biyan kowane malami, ɗalibai kuma su rubuta abin da ya faɗa da sunansa da na wanda ya koya masa.