3.2 Gandayen Daji na Shekarun 1930 da Matsalar Adana Su a Ƙasar Gumel

Karayar tattalin arzikin duniya da ta soma a 1929 ba ta bar ƙasar Gumel ba, domin farashin gyaɗa ya faɗi warwas alhali haraji yana nan daram. A wannan yanayi ne masanin daji E. P. Stebbing ya ratsa arewacin Nijeriya a 1934, sannan ya wallafa maƙala a 1935 inda ya yi gargaɗin cewa hamada tana kwararowa kudu. Ya ba da shawarar a kafa shingen itatuwa a yankin kan iyaka.

Sakamakon haka, Ingila da Faransa suka kafa kwamitin haɗin gwiwa wanda ya zagaya iyakar Nijeriya da Nijar daga ƙarshen 1936 zuwa farkon 1937. Kwamitin bai sami shaidar cewa rairayin Sahara yana tafiya ba. Abin da ya gani shi ne ɓarnar hannun ɗan Adam, wato saran itace da ƙunar daji da faɗaɗa gonaki. Saboda haka hukuma ta fi karkata ga keɓe gandayen daji a ƙarƙashin En'e, bisa Dokar Daji ta 1937. A lokacin Gumel tana cikin Lardin Kano, kuma Sarki Muhammadu na Kota ne bisa gadon sarauta.

Yana da kyau a kwatanta wannan da abin da ya gudana a Amurka. A 1933 Shugaba Roosevelt ya kafa rundunar CCC, wadda ta ɗauki samari kimanin miliyan 3 aiki, suka dasa itatuwa kusan biliyan 3 kafin a rufe ta a 1942. An biya su albashi, an rubuta sunayensu, daga baya tsofaffin ma'aikatan suka kafa ƙungiya a 1977, aka gina gidajen tarihi domin tunawa da su. A nan kuwa, talaka ya san gandun daji ne ta fuskar hani da tara da tsoron malamin daji. Abin da aka ƙaƙaba wa mutum da wuya ya ɗauke shi gadon da zai kare, kuma wannan shi ne tushen matsalar.

Bayan gyaran ƙananan hukumomi na 1976 da Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, ikon da hakimai da dagatai suke da shi a kan daji ya raunana. Ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991 ya sake raba takardun da ƙasar da suke magana a kanta: rahotannin Lardin Kano suna Gidan Adana Kayan Tarihi na Kaduna, dazuzzukan kuwa suna Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar. Idan rikici ya taso tsakanin manomi da makiyayi a kan inda gandu ya tsaya, sau da yawa ƙwaƙwalwar dattawa ce taswirar da ake komawa gare ta, su kuwa dattawan ƙarewa suke yi.

Da an tsallaka iyaka daga Maigatari zuwa ƙasar Damagaram, za a tarar da gawo ya cika gonaki. Tun daga tsakiyar shekarun 1980 manoman can suka riƙa barin tohon da ya fito da kansa, bayan da ikon hukuma a kan itacen gona ya sassauta, manomi ya soma kallonsa a matsayin nasa.