Libelle: Mujallar da Ta Girma Tare da Matan Holan

In ana so a san yadda rayuwar matan Holan ta sauya, ni dai na fi yarda da tsofaffin kwafin Libelle a kan jawaban 'yan siyasa. Kamfanin De Spaarnestad na mabiya Katolika da ke Haarlem ne ya fara buga ta a watan Afrilun 1934, mako-mako. Girki, ɗinki, raino da labaran soyayya su ne jarinta. A 1938 ta samu kishiya, mujallar Margriet.

Yaƙin Duniya na Biyu ya dakatar da ita, ta dawo a 1946. A lokacin, matar aure a Holan ba ta da ikon ƙulla yarjejeniya sai da sa hannun miji. Sai a 1957 doka ta ba ta wannan 'yanci. Daga nan shafukan suka fara buɗe ƙofa ga zancen aiki, saki da tsarin iyali.

Abin da ya fi burge ni shi ne zanen barkwancin Jan, Jans en de kinderen, wanda Jan Kruis ya fara a cikin mujallar a 1970: iyali guda, da 'ya'yansu mata da ƙatuwar jar kyanwa, suna muhawara kan sauyin zamani a teburin cin abinci.

Mujallar ta sha sauya hannu: kamfanin VNU a 1964, Sanoma na Finlan a 2001, sai DPG Media a 2020, inda take zaune da Margriet a gida ɗaya.